Mun tafi Badagry shan iska, shingaye suka cinye hutun

Ɗan Kaduna bai saba ganin teku ba, Kogin Kaduna kawai muka sani. Shi ya sa in aka yi hutun makaranta mutum kan kwashi iyali har Badagry, yara su ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, su ga tsohon gidan benen da aka gina a 1845 da tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa.

Amma wallahi hanyar Legas zuwa Badagry ta isa ta cire wa mutum sha'awa. Saboda garin na kusa da Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, shinge ne bayan shinge. Buɗe but, kawo takardu, ina za ku, me ke cikin jakar nan. Da an ga hula da hijabi tambayoyi sai su ƙaru, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Yara na kuka cikin zafi, abinci ya huce.

Ba na ƙin tsaro. Mu da muka san abin da hanyar Birnin Gwari ta zama ba za mu raina shi ba. Amma a binciki mota ɗaya sau da yawa a hanya ɗaya, har a isa bakin teku rana ta kusa faɗuwa, a ce lokacin shiga ruwa ya wuce? Kuɗin mai da na masauki sun tafi a banza.