Ɗakin da ya cinye riɗin Baba

Ranar da sunana ya fito a cikin waɗanda suka samu gurbin karatu a wata jami'a a Kano, mahaifina ya kai riɗin da ya noma a damina guda kasuwa, ya dawo ya ƙirga kuɗin sau biyu a kan tabarma, sannan ya kasa su gida uku: na rajista, na ɗaki da na abincin zangon farko. Lissafin ya zauna daidai a Gumel, amma bai kwana biyu a Kano ba ya wargaje, kuma waɗanda suka wargaza shi su ne dillalan gidaje da masu ba da haya, waɗanda suka mayar da ɗalibi baƙo wata gona da ake girbewa kowace shekara ba tare da an zuba mata taki ba.

Gadajen da ke cikin makaranta ba sa isar ɗalibai, saboda haka duk wanda bai dace ba dole ya fita neman ɗaki a unguwannin da ke kewaye, kuma a nan ake jiran sa. Dillalin farko da aka haɗa ni da shi a wajen Rijiyar Zaki ya karɓi abin da ya kira kuɗin gani tun kafin ya tashi daga kan bencinsa, sannan ni na biya mana kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Abin da ya nuna mini tsohon shago ne da aka toshe ƙofarsa ta waje da bulo, aka huda wata ta cikin gida. Silin ɗin ya yi ciki saboda yoyon damina, tagarsa ɗaya tana kallon kwata, banɗaki kuwa ɗaya ne tak ga duk mutanen gidan. A tsakar gida akwai famfo wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa a baki. Da na nuna masa, ko kunya bai ji ba ya ce, "Ruwa yana zuwa, Malam. Idan kuma bai yi maka ba, akwai mutum uku da ke jira a bayanka."

Na karɓa, domin an riga an fara darasi, kuma na gaji da kwana a ƙasan ɗakin wani ɗan garinmu. Sai aka zo biya. Kuɗin shekara guda ake so a dunƙule, babu maganar wata-wata. A kansa aka ɗora la'adar dillali kashi 10 cikin 100, aka ƙara kuɗin takardar yarjejeniya wadda har yau ban ga kwafinta ba, aka kuma ƙara wani kuɗin ajiya wai saboda ɓarna. Wace ɓarna ce ta rage da zan yi wa ɗakin da ya riga ya lalace? Kafin na karɓi makulli, kason ɗaki ya ƙare, ya ci rabin kason abinci.

Ruwan da aka ce yana zuwa wata takwas ke nan ina jiran sa. Da safe nakan tsaya a bakin titi ina tare 'yan garuwa, kuma ranar da aka daɗe babu wuta kuɗin jarka tashi yake yi, tunda masu rijiyar burtsatse da inji suke jawo ruwan. Na koyi yin wanka da alwala da wanke kwano da jarka ɗaya a kwana biyu. Duk da haka ƙarshen kowane wata yaron mai gida yana zagayowa karɓar kuɗin wutar da ba ta kai a yi cajin waya da ita ba, balle a yi karatun dare.

Masu cewa a nemi ɗaki mai sauƙi can nesa ba su taɓa yin lissafin hanya ba. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, adaidaita sahu ce ta rage wa talaka, ita ma tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗinta bai sake sauka ba. Abin da ɗalibi ya rage a haya, a hanya zai zubar da shi. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya yana ba da naira 20,000 a wata don ɗawainiya, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. A gaya mini yadda ɗan leburan gwamnati, balle ɗan manomi, zai tara kuɗin shekara guda a rana ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba na zargin Kanawa gaba ɗaya, domin mai garau-garau da ke bakin layinmu ta sha ba ni bashi ba tare da ta rubuta ba, kuma garin nan ya daɗe da sanin darajar mai neman ilimi, wanda a da ake ba shi zaure ya kwana kyauta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai gidanmu ya san halin da muke ciki sarai. Yana ganin mu muna jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da rana tsaka, muna haɗuwa da shi a masallaci, yana yi mana addu'ar Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Da na same shi na ce, "Alhaji, a taimaka a duba mana silin ɗin nan kafin ruwa ya sauka," sai ya ce in yi haƙuri, kayan gini sun yi tsada.

Makon jiya kuma ya aiko dillalin nan da saƙo cewa kuɗin haya zai ƙaru a shekara mai zuwa, wanda bai shirya ba ya fitar da kayansa, kuma sabuntawar ma sai an sake biyan la'ada. Silin yana nan yadda yake, famfo yana nan da saƙarsa. Jiya da daddare Baba ya kira yana tambaya ko kuɗin abincin sun isa, na ce masa sun isa, domin riɗin bana ko fure bai fara ba.