Kun yi saurin wuce maganar shan inna

Gaskiya na ji daɗin labarin nan da kuka rubuta kan Itzhak Perlman mai gogen Turawa, amma kun yi saurin wuce maganar shan inna. An haife shi a Tel Aviv a 1945, yana ɗan shekara 4 cutar ta kama masa ƙafafu, shi ya sa a zaune yake kiɗa, sandunansa na ajiye gefen kujera, kuma duk da haka yana shekara 13 ya fito a talabijin ɗin Amurka, ya yi karatu a makarantar koyon kiɗa ta Juilliard da ke New York, har ranar rantsar da Obama a 2009 ya yi wasa. Wallahi yaranmu da cutar ta taɓa na tuna, nawa aka miƙa wa ko kukuma? Perlman ya ma shiga kamfen ɗin ƙungiyar agaji ta Rotary na rigakafin shan inna, don Allah ku ƙara wannan.