Alamar ta taimaka, amma lambar wayar kwastoma fa?

Marubucin wani labari kan Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ya ce tun fitowar Python 3.11 a Oktoban 2022 wahalar neman kuskure a manhaja ta kusa ƙarewa. Da gaskiyarsa, sai dai gishirin ya yi yawa. A da in manhaja ta faɗi, lambar layi kawai za a jefo maka, kai ka san yadda za ka yi da layin da ya ƙunshi lissafi huɗu. Yanzu ana jera ƙananan alamomi a ƙarƙashin ainihin gurbin da ya karye. Na gani da idona a nan unguwar Nima a Accra: manhajar lissafin wani mai shagon MoMo (tura kuɗi ta waya) tana ta mutuwa duk yamma, alamar ta nuna mini gurbin kuɗin caji ne ke zuwa fanko, na gyara shayina ko hucewa bai yi ba. To amma ɗan'uwa mai sharhi a kan labarin, mai cewa kowa ya sabunta Python ɗinsa kawai, ka manta tsarin gudanar da kwamfuta na Ubuntu 22.04 da Python 3.10 yake zuwa, kuma a kansa yawancin sabobin (manyan kwamfutocin da manhajoji ke gudana a kai) da nake kula da su suke. Ba ɗan kasuwar da zai yarda a taɓa abin da ke kawo masa sidi don saƙon kuskure mai launi irin na Python 3.13. Abin da labarin ya tsallake shi ne rahoton faɗuwa da wasu ke turawa kai tsaye zuwa sabar ƙasar waje, wani lokaci har da lambar wayar kwastoma a ciki. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 fa, wa ke duba ta kafin ya kunna wannan?