Sunan Fadama ya riga ya faɗa mana

Duk Bahaushe ya san abin da ake kira fadama: ƙasa ce mai kwari, inda ruwa yake kwanciya da damina. Kakanninmu da suka sa wa gefen tafkin Korle wannan suna a Akra, babban birnin Gana, sun san abin da suke gani. Mu ne muka mai da shi sunan unguwa kawai, muka manta ma'anarsa.

Ruwan da ya sauka a unguwannin Nima, Maamobi da Alajo, hanyarsa ɗaya ce: ya bi kwatoci ya faɗa kogin Odaw, Odaw ya zuba a Korle, Korle ya miƙa wa teku. To amma teku ba kullum yake karɓa ba. Idan ya cika ya tumbatsa, bakin tafkin sai ya toshe, ruwan sama ya rasa mafita. A da fadamun da ke kewaye ne suke riƙe shi har teku ya ja baya. Lokacin nan Korle wurin kamun kifi ne, kuma har yau Gaawa, 'yan asalin Akra, suna girmama shi, da bokansa na gargajiya. Yanzu an cike fadamun da shara da ɓaraguzan gini, an kafa gidaje da kasuwanni a kai. Ina ruwan zai tsaya?

Mun ga amsa ranar 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle na Akra, mutane sama da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Kafin watan ya ƙare, katafila ta shiga Old Fadama, wato unguwar nan ta gefen Korle, tana rusau.

Ban ce gini a bakin Odaw daidai ba ne. Abin da yake ci mini rai shi ne a ɗora laifin duka a kan 'yar kayayo mai dakon kaya a ka da mai sayar da doya. Tafkin Sakumono da bakin kogin Densu suna cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya tun 1992, amma gine-ginen bulo sun cinye su da yawa, kuma ba talaka ne yake da kuɗin tirelolin ƙasa na cike fadama ba.

Yashe Odaw yana da amfani, sai dai laka tana dawowa kowace damina. Ni dai roƙona ga hukuma da sarakunan zango, duk wanda zai sayi fili a kwari, a nuna masa inda ruwa ya kai a 2015 kafin a karɓi kuɗinsa.