Wane jin daɗi kuke cewa ya bari?

Tun shekaranjiya nake daurewa, yau dai haƙurina ya ƙare. Waɗanda muke gurup ɗin unguwa tare kun ga abin da aka yi wa yaron nan mai riƙe lissafi a buron wani ɗan kasuwa a nan Tawa, ba sai na maimaita ba. Mutum ya ajiye aiki cikin mutunci, ya sanar da maigidansa tun da wuri, ya miƙa makullai da littattafan lissafi ba ko dala da ta ɓata, zai koma Yamai inda za a biya shi ninkin abin da yake samu har da ɗoriya. Shi ke nan ya zama abin tattaunawa a kowace fada, daga Bilbis har Sabon Gari. Wannan ya ce kwaɗayi ne, wancan ya ce ya saki reshe ya kama ganye. Abin da ya fi ƙona mini rai, har wani babba da muke ganin girmansa ya taka takanas wurin mahaifiyar yaron yana ce mata, "Hajiya, ki hana shi, wa ke barin inuwa ya fita rana?" Tsohuwa mai hawan jini aka bari tana kuka da tsakar dare. Wallahi an zalunce ta, kuma an zalunce shi.

Kuna ta cewa ya bar jin daɗi. Wane jin daɗi? Na san abin da kuke nufi: buro mai sanyi, kujera mai juyi, ya fita ƙarfe takwas saura, ya ci abincin rana a gida, maigidansa ba ya yi masa tsawa, ranar Juma'a a tashi da wuri. Duk gaskiya ne. To ku zo mu je butikin bakin layinsu, ku ce a buɗe muku littafin bashi. Shafinsa na nan, an rubuta da jan biro: shinkafa tiya biyu, mai rabin lita, sukari, sabulu, madarar yara, an ja layi an sake farawa a ƙasa. Shekara bakwai yana wannan buro, albashinsa bai kai jika 150 ba, ga mata da yara uku, ga tsohuwa, ga ƙannai biyu a lakwal. Kafin wata ya raba ya shiga neman abansi. Lokacin da ƙaramar ɗiyarsa ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro a daminar bara, tunkiyar matarsa aka kai kasuwa ranar Lahadi aka biya kuɗin magani. Sanyin da kuke gani a buronsa akwai mai biyan kuɗinsa, kuma a gida take. Ita ce ke tsaga tiya ɗaya ta kwana biyu, ita ce ke jin kunyar wucewa ta gaban mai butiki.

Wannan ita ce maganata, kuma ba zan gaji da faɗinta ba: aikin da bai ciyar da gida ba, ba a kiransa jin daɗi. Ko kujerar ta zinariya ce.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya faru da kasuwa tun watan Yulin 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin, kayan da ke shigowa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina cikin ayarin motoci. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma buhun shinkafa bai san an ɗage ba, ya daɗe a sama. Ita kanta gwamnati ta ga tsohon lissafi ba ya riƙe gida, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Shi kuwa albashinsa na nan inda yake tun kafin korona. Ya nemi ƙari, aka ce masa a yi haƙuri, kasuwa ba daɗi. Ya yi haƙurin. Haƙurin nan fa ba shi kaɗai ya yi shi ba, har da yaran da aka cire wa ƙwai a karin kumallo.

Sai ku ce ai sabon aikin kwantara ce ta shekara biyu, in ta ƙare fa? In ta ƙare ta ƙare. Na san abin da ya samu ma'aikatan proje a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta agaji, USAID, ina da abokan da aka sallama cikin sati guda, ba sai an ba ni labari ba. Amma ku faɗa mini aikin da ke da tabbas. Akwai wanda ya kai ma'aikacin COMINAK, kamfanin haƙar uraniyom, kwanciyar hankali a da? Gida a Akokan, asibitin kamfani, ruwa da wuta. A ƙarshen Maris 2021 aka rufe mahaƙar, ɗaruruwan magidanta suka tattara kaya. Balle buron ɗan kasuwa guda, wanda in Allah ya karɓi ransa gobe magada za su raba har kujerar da ake zaune a kai. Zaman ma caca ne, kawai dai ba a jin motsinta.

Masu maganar ritaya kuma, lambar CNSS, asusun da ake zuba wa ma'aikata kuɗin ritaya, ta ma'aikaci ce, tana bin sa duk kamfanin da ya koma, muddin ana zuba masa. Wannan ba abin tayar da hankalin tsohuwa ba ne. Ko ma'aikacin gwamnati doka ta ba shi damar neman a sake shi na wani lokaci ba albashi, ya je ya gwada wani abu ya dawo.

Akwai kuma masu cewa arziki na Allah ne, ya zauna inda aka ajiye shi. Na yarda ɗari bisa ɗari arziki na Allah ne. Amma a Tawa za a faɗi wannan magana? A Adar? Garin da gidajen siminti da yawa da kuɗin cin rani aka gina su? Ku je ku tsaya bakin gidajen aika kuɗi na Nita ko Amana ana saura kwana uku Sallar Layya, ku ga layin mata da tsofaffi masu jiran saƙo daga Abijan, daga Libiya, daga Aljeriya. Yaro ya gama girbi ya ɗauki jaka ya hau mota, ba kwantara, ba takarda, ba ya ma san inda zai kwana a Ajame ta Abijan ba, mu ce namijin duniya, Allah ya ba da sa'a, har mu haɗa masa guzuri. To me ya sa in mai takardar karatu ne ya motsa don ya ƙara samu sai ya zama kwaɗayi? Wa ya ce mai biro ba shi da ciki? Mun mai da ma'aikacin buro wani abin ado na unguwa, ya sa shadda mai guga ya wuce a gaishe shi, ba ruwanmu da abin da ke cikin tukunyarsa.

Kuma bari in faɗi wadda ba a so. Da yawa cikin masu ihun nan ba makomarsa ce ta dame su ba. Shi ke cika musu takardu, shi ke buga musu wasiƙar neman aiki kyauta, babur ɗinsa ake ara a kai mara lafiya, in wata ya yi a same shi da "ƙanena, taimaka mini da jika biyu". Tafiyarsa asara ce gare su. To ku faɗi haka, ku ce za mu yi kewarka, ya fi muku daraja da ku lulluɓe buƙatarku da rigar nasiha.

Ni ban ce kowa ya ajiye aikinsa ba. Wanda albashinsa ke kai shi ƙarshen wata, ga mahaifi kwance ba mai kula da shi sai shi, in ya zauna ya yi daidai, kuma zan kare shi kamar yadda nake kare wannan. Kuɗi ba su sayen daren da za ka kwana kusa da uwarka tana ciwo. Abin da nake cewa, mai ƙaunarka da gaske tambayoyi zai yi maka. An rubuta kwantarar ko a baki ce? Wata nawa ne na gwaji? Za su zuba maka a CNSS? In ka kamu da ciwo wa zai biya? Ɗaki da falo a Talaje ko Lazare can Yamai nawa ne yanzu, da ruwa da wuta da kuɗin taksi, in an cire me ya rage? Yara za su bi ka a tsakiyar shekarar lakwal ko sai hutu? Yaron nan ya zauna ya yi duk wannan lissafi a takarda, na gani da idona, har ya kai kwantarar wurin wanda ya san dokar ƙwadago ya karanta masa layi-layi. Ya yi shawara da matarsa, ya yi istihara, ya shirya da ƙaninsa kan maganin tsohuwa. Cikin duk masu rubutu a gurup ba wanda ya kira shi ya yi masa ko ɗaya daga tambayoyin nan. Hukunci kawai, daga kan tabarma, da kofin shayi a hannu.

Ƙanena, in kana karantawa, Allah ya sa ka fita a sa'a. In aikin ya yi daɗi, alhamdulillahi. In bai yi ba, ka dawo da kanka a sama, ba ka yi sata ba, nema ka fita. Ka fara da biyan mai butiki, sannan ka mayar wa matarka tunkiyarta.

Tunda ma an zo nan, kujerar da ya bari fa? Tun jiya na ji an fara raɗe-raɗin ɗan wane za a kawo, yaron da ko lissafin kantin ubansa bai taɓa riƙewa ba. Alhali ga waɗanda suka fito daga Jami'ar Djibo Hamani nan cikin garin, sun karanta lissafin kuɗi, sun yi bautar ƙasa ta shekara biyu, suna yawo da katin ANPE na masu neman aiki a aljihu, wasu kabu-kabu suke yi da yamma. Masu kamfanonin garin nan, ku riƙa manna sanarwa in gurbi ya samu, ku kira yaran ku gwada su ko da na awa guda ne. Akwai wata yarinya a layinmu da ta fi kowa maki a ajinsu, yanzu awara take soyawa a ƙofar gida. Wanda ke neman mai riƙe masa lissafi ya yi mini magana ta ciki.