Atamfar Miliyan Takwas da Rabi

Kun san Kawu na Kantin Kwari da kunyar tambayar bashi. To ni na lallaɓa shi muka kwashe sunayen masu bashinsa muka zuba a teburin lissafi na Google Sheets, na yi amfani da n8n, manhajar haɗa ayyuka su riƙa tafiya da kansu, na haɗa masa wakilin AI, wato inji mai ƙirƙirarriyar basira da ke aikata abin da aka sa shi, wanda zai riƙa ba umarni ta WhatsApp shi kuma ya tuna wa mutane. Na yi duk haɗe-haɗen, abokina Injiniya kuma, wanda kun san bai taɓa ƙarasa komai ba in ban da kwanon abinci, ya ce a bar masa rubuta bayanin kayan aikin, wai ai ƙaramin abu ne.

Shi wakilin nan ba ya ganin abin da ka gina a ciki. Abin da ake miƙa masa kawai sunan kowane kayan aiki ne, da 'yan layukan da ke faɗin amfaninsa, da guraben da zai cike a tsarin JSON, wato salon jera bayanai da kwamfuta ke karantawa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI suka fito da wannan salo a 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic suka saki a Nuwamban 2024. Da wannan ɗan rubutun yake zaɓar wanda zai ɗauka. Mu muna da biyu: ɗaya na tura wa mutum guda, ɗaya na watsa wa duk lambar da ke cikin jerin, irin sanarwar "sabuwar shadda ta iso". Injiniya ya rubuta wa na farko, "Yana aika saƙo ga kwastoma." Na biyun kuma, "Yana aika saƙo ga kwastomomi." Ya rufe kwamfuta ya ce a sayo masa lemo.

Ranar gwaji, bayan La'asar, sai ga Alhaji, aminin Kawu tun suna samari, ya zo ya baje a kan benci yana ɓare gyaɗa. Kawu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai, gwada a kansa. Ce masa ya tuna wa Alhaji da mutanensa kuɗin atamfa, amma a hankali." Na rubuta yadda ya faɗa, na danna, na harɗe hannu ina murmushin masana.

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Na dubi Kawu, ya gyaɗa kai. Sai ta yaron shago ta yi. Sai ta maƙwabcinmu na dama. Sai na ji ƙarar tana tafiya cikin layin, shago bayan shago, har can wajen masu leshi. Ina tsaye ina ji a jikina, amma ƙafata ta ƙi motsi.

Alhaji bai yi gaggawa ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga babbar rigarsa, ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya saka, ya nisanta wayar da fuskarsa, ya fara karantawa leɓɓansa na motsi. "Assalamu alaikum. Muna tunatar da Alhaji cewa ana bin sa Naira 8,500,000 kuɗin atamfa. Mun gode da hulɗa da mu." Har da hoton fure a ƙarshe. Bashin gaskiya Naira 85,000 ne. Gurbin kuɗin a kobo yake, kamar yadda manhajojin biyan kuɗi suka saba, amma a bayanin an rubuta "adadi" kawai.

Ya ɗago ya dubi Kawu. Kawu kuwa ya duƙufa yana ninke wata shadda da tun safe a ninke take.

"Ɗan nan, zo."

Na je na durƙusa.

"Atamfar nan da zinare aka saƙa ta?"

"Ranka ya daɗe, kobo ne."

"Kobo. Yaushe rabonka da ganin kobo da idonka?"

Ban samu amsa ba, don a daidai lokacin wata Hajiya ta kira daga Maraɗi tana tambayar ko lafiya, ta ji Alhaji ya shiga uku. Maƙwabcinmu kuma ya fito bakin shago yana karanta wa 'yan dako saƙon da ƙarfi, yana jan "miliyaaan" ɗin. Mutumin da shi kansa sunansa na cikin jerin, layi na uku.

Injiniya fa? Tun ƙarar waya ta biyu ya ce zai je alwala, alhali tare muka idar da salla. Da dare ya turo mini murya wai injin ne ya yi mafarki, haka suke yi, ya karanta a intanet. Wannan mutumin ne fa a makaranta ya kwafi aikina har da sunana, ya kuma ce malamin ne bai iya dubawa ba.

Don in rufe masa baki na cire igiyar turawa, na jera umarni irin na bakin Kawu, "taɓa mini su wane", "a ɗan yi wa mutanen Alhaji tuni", "gaya musu kaya sun zo", ina rubuta wanda wakilin ya ɗauka kowane karo. Da bayanin Injiniya, da zarar ya ji "su" ko "mutanen" sai ya ruga wajen na watsawa. Na sake rubutun: wannan yana tura wa kowa da kowa, kada a taɓa shi kan bashi, sai mai shago ya amince, lamba ta fara da 234, kuɗi a kobo yake, a raba da 100. Na maimaita jerin, ya daina ruɗewa, inda bai gane ba ma tambaya yake yi. Masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka irin wannan awon suke yi wa manyan injinan AI, har da duba ko injin zai haƙura idan babu kayan aikin da ya dace. Na tura wa Injiniya sakamakon, ya ce ai dama abin da yake shirin yi ke nan.

Alhaji dai bai biya ba, ya ce sai an tantance masa adadin tukuna. Cajata ma tana wurin Injiniya, in wani ya gan shi.