Ranar da Old Trafford ta yi yoyo har Kaduna

Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, mu 'yan Man U muka zama lauyoyin dole. Mun kare koci bayan koci, mun kare 'yan wasan da aka sayo da kuɗin gina asibiti amma tare ƙwallo ke gagararsu. Abin da bai taɓa zuwar mini a rai ba shi ne wata rana zan miƙe a gaban jama'a ina kare kwanon rufi.

Gidan kallon da muke zuwa a unguwarmu nan Kaduna rabi da rabi ne. Daga gaba, inda talabijin suke, kwano ne. Bencinan baya kuwa tamfol ne shuɗi a kan gorori, ɗaure da igiya. In ana zafi sai a naɗe shi gefe don iska ta shiga, in hadari ya haɗu a ja. Mai gidan, wanda kowa ke kira Oga, ɗan Real Madrid ne na gani-kashe-ni, kuma tun da aka yi wa filinsu Santiago Bernabéu rufi mai buɗewa da rufewa ya ɗauki tamfol ɗinsa a matsayin ƙanen wancan rufin. A watan Afrilun 2024, da Madrid za ta karɓi Manchester City a gasar zakarun Turai, ta nemi izinin UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, aka rufe filin, ba don ruwa ba, don ihun magoya baya ya tsaya a ciki ya rikita baƙi. An tashi 3-3, amma Oga ya yi mako guda yana ba da labarin sai ka ce shi ya danna maɓallin.

A nan ya haddace dokar UEFA, ya kuma ɗora ta a kan tamfol. Ana yanke shawara kafin a take wasa. In an fara a rufe, a rufe za a gama. In an fara a buɗe, alƙalin wasa kaɗai ke da ikon cewa a rufe, shi ma sai yanayi ya ɓaci sosai. Alƙalin wasa a gidan Oga kuwa ba sai na faɗi ko wane ne ba.

Ranar Lahadi 12 ga Mayu 2024 Arsenal ta zo mana filinmu Old Trafford, ana take wasa huɗu da rabi. Suna kan takarar kofin Firimiya da City, don haka 'yan Arsenal tun ana idar da La'asar suka cike ƙarƙashin kwano, har da waɗanda rabonmu da ganinsu tun zamanin tsohon kocinsu Wenger. Ni da 'yan tsirarunmu muka ƙare a baya, ƙarƙashin sararin Allah, tamfol na naɗe. Minti na 20 Casemiro namu ya tsaya yana tafiyar hawainiya a baya, ya hana Havertz na Arsenal zama a satar gida, Havertz ya miƙa wa Trossard, ya zura. Na ce komai lokaci ne, akwai sauran minti saba'in.

Da aka tafi hutun rabin lokaci gabas ta yi baƙi ƙirin. Na leƙa wajen Oga, yana zaune kan kujerarsa yana jera canji.

"Oga, a taimaka a ja mana tamfol, hadarin nan ba na wasa ba ne."

Bai ko ɗago ba. "Malam, a buɗe aka fara."

"To ai ka ce alƙali zai iya rufewa in yanayi ya ɓaci."

"Yanayin ƙungiyarku ne ya ɓaci. Na sama da sauransa."

Wani dattijo da muke kira Kawu, tsohon ɗan Arsenal da ke zuwa kallo da babbar riga da carbi, ya juyo ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ku ai kun saba."

Ban fahimci abin da yake nufi ba sai wajen ƙarshen wasa, da sama ta ɓalle a Manchester. Aka tashi ɗaya mai ban haushi, kyamara ta bar 'yan wasa ta koma kan wata kusurwar rufin filin, inda ruwa ke ambaliya daga sama yana dukan kujeru, yana gangarowa matakala. Filin da aka buɗe tun 1910, mai ɗaukar mutum sama da 74,000, filin da muke kira dandalin mafarki, ga shi duniya na kallo ya koma indararo. Gidan kallo ya kaure. Wani ya ce a kai musu bokiti, wani ya ce Jim Ratcliffe da ya sayi kaso a kulob ɗin watanni uku da suka wuce ashe kafinta ya kamata ya fara saye kafin ɗan gaba.

Nan lauyan da ke cikina ya tashi. Na hau kan benci. Na ce ruwa rahama ne, kuma ba kowane fili rahama ke zaɓa ba. Na ce ƙwallon Ingila a ruwa aka haife ta, mai son inuwa ya je ya kalli sinima. Na tuna wa 'yan Arsenal cewa Emirates ɗin da suke taƙama da shi tun 2006 shi ma tsakiyarsa a buɗe take, Saka ma ruwa na dukansa. Wannan gaskiya ce, amma Kawu ya ce, "Saka ake biya ya jiƙe, ɗana. Ku mai tikiti kuke jiƙawa." Na juya kan Oga, na ce kulob ɗin da sai ya rufe kwano kafin a ji ihun mutanensa, ai mutanen ne ba su da murya. Ina tsaka da wannan ɗigon farko ya sauka mini a ƙeya.

Na ce tunda an busa tashi, dokar UEFA ta ƙare, kowa alƙalin kansa ne. Na kama igiyar tamfol na fizga da dukkan haushin minti casa'in.

Ashe an yi ruwa daren jiya, kuma yaron Oga da ya naɗe tamfol da safe bai zazzage shi ba. Duk ruwan yana kwance a cikin ninkin, ya wuni yana shan rana. Ya sauko mini gaba ɗaya a ka: ɗumi-ɗumi, kore-kore, da ganyen dalbejiya, da ledar ruwa, da wani ƙadangare da Allah ya yi wa cikawa ban san yaushe ba. Ƙadangaren ya sauka a kafaɗata daidai kan jar rigata, ya kwanta rub da ciki kamar an ɗinka shi tare da tambarin kulob. Abin takaicin, ko ɗigo bai taɓa Kawu ba, da yake shi ne ƙarshen masu kwano. Ya dai tattare gefen babbar rigarsa ya ce, "Rahama ta zaɓe ka."

Oga ya taso a natse, ya duba gorar da na karya, ya ce ɗari biyar ce, kuma ya dakatar da ni wasa ɗaya saboda shiga hurumin alƙali. Na ce laifin iyalan Glazer ne, tun 2005 da suka sayi kulob ba su kula da komai ba, da sun gyara rufi da ban hau benci ba. Ya ce in rubuta musu, amma ɗari biyar yau yake so.

Aka kira Magariba ina tsaye sharkaf, aka kafa sabuwar muhawara a bakin masallaci kan ko ruwan da ƙadangare ya mutu a ciki yana hana salla. Masu fatawa mafi tsanani duk 'yan Arsenal ne. Ƙarshe dai ladan ya ara mini wata tsohuwar jallabiya da ta tsaya mini a gwiwa, na yi salla a sahun ƙarshe.

Mako guda bayan nan City ta ɗauke kofin, Arsenal ta ƙare ta biyu, mu muka ƙare na takwas. Ranar 25 ga Mayu muka doke City 2-1 muka ɗauki kofin FA. Na shiga gidan kallo da ƙirji a gaba, amma ba wanda ya kira ni da sunana, Indararo ya riga ya bi ni, har mai shayin bakin titi.

A watan Maris na 2025 kulob ya fito da zanen sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000, da wata ƙatuwar rumfa a kansa da aka ce za ta riƙa tara ruwan sama don amfani. Na kai wa Kawu hoton a waya, na ce ya gani, yoyo ya ƙare. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Ka ce tara ruwa za ta riƙa yi?"

"Ƙwarai, Kawu."

"To don Allah, ɗana, in an gama ginin, kada su bari ka taɓa igiyar."